Kafin a Sayar da Tunkiyar Inna a Saya Maka Kwamfuta

Ran wata kasuwar Nasarawa Burkullu, bayan la'asar, ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da taki da maganin feshi, sai ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Ya samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, uwarsa kuma ta yanke shawarar a sayar da tumakinta biyu da wasu buhunan gero a saya masa kwamfuta. Ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton wata siririyar laftof mai tambarin tuffa a bayanta, ya ce, "Kawu, wagga nika so. An ce duk ta hi su."

Ban ce masa a'a ba. Tambaya ɗaya na yi masa: ran da ta zame daga kan benci gilashinta ya tsage, wa zai gyara maka ita a Gusau? Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Mai rumfar, wanda bai taɓa danna kwamfuta ba a rayuwarsa, ya yi dariya ya ce shi ko injin ban-ruwa zai saya, sai ya fara zuwa wurin makaniki ya tambayi wanne ne ake samun kayansa a Gummi ko Anka, domin injin da ya tsaya maka ana tsakiyar noman rani, kayan gyaransa suna Legas, ba ka da inji, ƙarfe ka saya.

Ku ƙannena da 'ya'yana masu shirin tafiya Gusau, ko Sakkwato, ko Kwalejin Ilimi ta Maru, ko Foliteknik ta Ƙauran Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, maganar da mai rumfar nan ya faɗa ita ce rabin abin da zan gaya muku. Sauran rabin bayani ne.

Yawancinmu idan muka ce za mu zaɓi kwamfuta, jikinta muke kallo: launi, sirantaka, sunan kamfani. Amma abin da ake zaɓa a zahiri shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda duk sauran manhajoji suke zama a kanta kamar yadda ɗaki yake zama a kan harsashi. Akwai Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 1985, ita ce a cikin yawancin HP da Dell da Lenovo da kuke gani. Akwai ta kamfanin Apple, masu Macintosh, wato Mac, tun 1984, su kuwa jiki da manhaja duk nasu ne, ba sa ba kowa. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991, kyauta ce, kowa yana iya ɗauka ya sa. Sai ƙaramarsu, Chromebook ta Google, wadda ta shigo kasuwa a 2011. A Amurka da Ingila an shekara fiye da talatin ana musu tsakanin masoya Windows da masoya Mac, musu mai zafi kamar na magoya bayan ƙwallo. Sai dai masu musun can wuta ba ta ɗauke musu, intanet ba ya yankewa, shagon gyara kuma yana bakin layinsu. Wanda ya kwaso hukuncinsu ya kawo Bukkuyum, ya kwaso rigar da ba a ɗinka da awonsa ba.

Bari in fara da ba Mac haƙƙinta, don kada a ce na ƙi ta ne saboda ba ni da kuɗinta. Tun Nuwamban 2020, da Apple ya fara sa nasa injin mai suna M1, batirin MacBook Air ya zama abin mamaki: caji ɗaya yana iya kai mutum yini guda yana rubutu da karatu. Cajarta ba ta wuce wat 30 ba, ƙaramin sola ma yana ɗauke da ita. Ba ta da fanka a ciki, saboda haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu kamar sauran. A garin da wutar NEPA take zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In da batir kaɗai ake dubawa, da na ce kowa ya saye ta.

To amma a duba ɗaya gefen. Da MacBook Air ɗin nan ta fito, dala 999 ce sabuwarta a Amurka. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta haura Naira 1,500 a 2024, sai ku buga lissafin da kanku ku ga tumaki nawa ke nan. Wadda kuɗinku zai iya kaiwa, ta hannu ce, kuma a nan haɗarin yake. Mac tana ɗaure da asusun iCloud na mai ita. Idan bai fita daga asusun ba kafin ya sayar, ko kuma kwamfutar wani kamfani ko makaranta ce ta ƙasar waje da suka yi mata rajista da sunansu, ranar da kuka goge ta za ta tambaye ku kalmar sirrin mutumin da ba ku taɓa gani ba, ta kulle. Ban da wannan, a sababbin Mac ɗin, ma'adanar aiki da ake kira ram da ma'adanar fayil duk a liƙe suke da allon injin. Yadda ka saye ta haka za ta tsufa, ba ƙari. Idan allon ya ƙone, sau da yawa da fayilolinka yake tafiya. Gyara kuwa sai Kano ko Abuja ko Legas, kuma ba sai na gaya wa ɗan Nasarawa Burkullu cewa a shekarun nan ba a hawa hanyar Anka zuwa Gusau don nishaɗi ba.

Duk da haka akwai wanda Mac ce tasa. Wanda ya ƙudurta zai koyi ƙera manhajar iPhone, dole ne, domin Xcode da ake aikin da ita a Mac kaɗai take tafiya. Mai haɗa fim ko sauti da zai je ya zauna a Kano, inda wasu masu sana'ar suke aiki da Final Cut Pro, shi ma yana da hujja. Amma ɗan ajin farko da aikinsa bai wuce rubuta jinga da karanta takardun malamai ba, idan ya matsa sai Mac, to ya faɗa wa kansa gaskiya: gayu yake so ya saya, da kuɗin tunkiyar uwarsa.

Windows ita ce harshen kasuwa, kamar yadda Hausa take a kasuwar Gummi: Bafulatani da Badakkare da Bayarabe duk da ita suke ciniki. Shagon da za ka kai aikinka a buga maka a takarda, Windows ce a gabansu. Malamin da zai duba kundin kammala karatunka, a Word zai buɗe shi. Cibiyoyin da kuke zuwa koyon danna kwamfuta kafin JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, mafi yawansu ita suke koyarwa. Abokin ɗakinka da zai taimake ka da ƙarfe sha biyun dare idan abu ya cije, ita ya sani. Wannan taron jama'ar da ke kewaye da kwamfuta, mai gyara da mai bugawa da malami da aboki, yana cikin abin da kake saya, ko da yake ba a rubuta shi a rasit.

Sannan akwai manhajojin da ba sa tafiya sai a kanta. Ƙasarmu ta ma'adinai ce. Kowa ya san zinaren Anka da Bukkuyum, kowa kuma ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Bagega da Yargalma da Dareta a 2010. Yaron da wannan ya sa ya zaɓi karatun ilimin duwatsu ko safiyo ko tsara ƙasa, wataƙila a sashensa za a ce ya yi taswira da ArcGIS Pro, ita kuwa Windows kaɗai ta sani. Haka SolidWorks ta masu injiniyanci, da Revit ta masu zanen gini, da Access. Saboda haka kafin ka je kasuwa, ka je sashen da aka ɗauke ka, ka nemi ɗan aji uku ko huɗu, ka tambaye shi wace manhaja malamai suke sa su aiki da ita. Tambayar minti biyar ce, amma ta fi duk bidiyon da za ka ƙona data kana kallo a YouTube.

Sai dai a cikin Windows ɗin ma akwai rami, kuma a nan nake so ku buɗe kunne, domin a nan ake cutar ɗan ƙauye. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi na shekara ɗaya. Daina kulawa na nufin idan ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, ba mai zuwa ya toshe ta. Wanda yake ganin wannan wasa ne, ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta kafar da mutane ba su toshe ba, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Windows 11 kuwa, da ta fito a Oktoban 2021, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. A injin Intel, sai na ƙarni na takwas zuwa sama. Abin da ya biyo baya shi ne ofisoshin Turai da Amurka suka sauke tsofaffin kwamfutocinsu, suka iso Computer Village a Ikeja, daga can zuwa Beirut Road a Kano, daga can zuwa shagunan Gusau da Sakkwato, a goge tas, da farashi mai daɗin ji.

Gane su ba wuya. Mai shago zai ce maka "Core i5 ce" ko "Core i7 ce", yana ɗaga murya a kan bakwai ɗin. Kada wannan ya ruɗe ka. Ka ce ya buɗe maka bayanan injin ka ga cikakkiyar lambar. Idan ka ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 6, ita ce ƙarninsa: na shida. Idan ka ga i5-8250U, na takwas ne. Sau da yawa i5 na ƙarni na takwas ya fi i7 na ƙarni na shida ƙarfi, ya kuma fi shi sauran kwana. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika kasuwa, ta ƙarni na shida ce. Za ka same ta da Windows 11 a ciki, domin akwai dabarar da ake yi a cusa ta da ƙarfi, kuma tana aiki, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata da gyara ba. Araha ba ta ado. Ka nemi ram da bai gaza gig 8 ba, da ma'adanar SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, wanda jijjigar mota a hanyarmu kaɗai ta isa ta kashe. Irin EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis, sun fi masu ƙyalƙyalin roba ƙarko, kuma a yawancinsu mai gyara yana iya kwance sukurori ya ƙara ram ko ya canja batir kana tsaye.

Wata magana kuma da ba a cika son faɗa ba. Mafi yawan Windows da Office da ake ɗura wa mutane a shaguna, na sata ne da aka fasa makullinsu. Ban da abin da ke ciki na cin haƙƙin wani, wanda ya fasa maka makulli kyauta ba ka san me ya ajiye a bayan ƙofa ba. Ni kaina na ɗanɗana kuɗar sakaci irin wannan. Ina gab da miƙa kundina, na kai filashina wani shagon buga takardu, na dawo na soka a kwamfutata, sai na ga duk fayilolina sun koma 'yan gumaka marasa komai a ciki. Kwana uku ban yi barcin kirki ba kafin wani yaro da bai kai ƙanena ba ya zaƙulo su daga inda wata cutar kwamfuta da filashin ya kwaso ta ɓoye su. Kwamfutocin ofis na hannu yawanci suna zuwa da lasisin Windows na gaskiya a jikin injinsu, ka tambaya a sa maka shi. Idan kuɗin Office ya gagara, LibreOffice kyauta ce, halal ce, tana rubutu tana lissafi.

Wannan ya kawo ni ga Linux, wadda nake da rauni a kanta, ba zan ɓoye ba. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Nau'inta da ya fi shahara, Ubuntu, wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa shi a 2004, sunan ma kalmar can ce mai nufin mutuntaka. Amfaninta gare mu a fili yake: tsohuwar kwamfutar yayanka da Windows 11 ta ƙi, wadda aka jefa a ƙarƙashin gado, idan aka sa mata Linux Mint sai ta farfaɗo ta yi shekaru tana aiki, kuma cutar filashin da ta kusa haukata ni ba ta cin ta. Ana ma iya ɗora ta a filashi a kunna kwamfuta da ita a gwada, ba tare da an goge komai ba. Wanda zai karanta kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet, ko ba jima ko ba daɗe sai ya koye ta, gara ya fara tun yanzu. Aibinta shi ne kaɗaici. Idan ta cije maka a Nasarawa Burkullu, da wuya ka samu wanda zai duba maka, sai ka nemi amsa a intanet da Turanci. Kuma takardar da ka tsara a LibreOffice, idan aka buɗe ta a Word a shago, wani lokaci teburori su goce, shafuka su zame. Maganin wannan sauƙi ne, ka mayar da ita PDF kafin ka fita daga ɗaki. Amma malamin da ya ce shi fayil ɗin Word yake so don ya yi gyara a ciki, ba ruwansa da falsafarka ta manhajar kyauta.

Chromebook kuwa ba zan daɗe a kanta ba. An yi ta ne don yaran makarantar da intanet yake gudana a cikinta kamar famfo, ma'adanarta ƙarama ce, yawancin aikinta a can sama yake. Mu da muka ga Satumban 2021, lokacin da aka yanke layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, mutanen Gusau suna tafiya har Funtuwa don su buga waya, wasu yankunan kuma aka kusa wata uku ba sabis, ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani a kan na'urar da ranta yake hannun intanet. Za ka gan ta da arha ƙwarai, wani ma ya cusa mata Windows ya ce maka laftof ce kamar kowace. Ka wuce. Wannan darasin na 2021 ma ya shafi kowace irin kwamfuta: littattafanka da laccocinka su kasance a cikinta, a sauke, yadda ko an wayi gari ba sabis karatu ba zai tsaya ba.

Wani zai ce, to Kawu, ni wayata tana yi mini komai. Tana yi, har zuwa wani wuri. Na ga 'yan mata a makarantun kiwon lafiya suna rubuta jinga shafi goma da babban yatsa, na jinjina musu. Amma ma'aikaci da yatsu goma ake nemansa, wanda ya iya Excel, ya iya tsara wasiƙa. WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta kansu tun 2024. Kuma ina roƙon iyaye, idan kwamfuta ɗaya ce a gida, kada ta zama ta ɗa namiji shi kaɗai, ƙanwarsa tana leƙe daga bakin ƙofa. Wani ɗan abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya: ku riƙa rubuta Hausa da ƙugiyoyinta. Windows tana da allon rubutun Hausa a cikinta, Linux ma haka, kunna shi kawai ake yi. Wanda ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "baki" yana nufin "baƙi", ba kwamfutarsa ce ta gaza ba.

Ranar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Hoton da aka turo maka a WhatsApp ba kwamfuta ba ne. Ka je da ƙafarka, da wanda ya sani, ka zauna a shagon ko da awa ɗaya ne. A cire caja ka ga yadda batirin yake sauka. Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ka soka filashi a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika da wayfay. Ka kashe ta ka kunna, ka ce a shiga saitin farko na injin a gabanka, domin wasu kwamfutocin ofis suna zuwa da kalmar sirri a can da ba mai iya cirewa cikin sauƙi. Idan Mac ce, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka shiga da naka asusun kafin ka ƙirga ko sisi. A rubuta maka rasit da lambar jikin kwamfutar, da kwanakin da za ka iya dawo da ita. Kuma kada ka zuba duk kuɗin a kanta. Ka rage na jaka mai kauri, da filashi biyu, da abin kare caja daga wutar janareta mai hawa da sauka, wadda ta kashe caja fiye da yadda tsufa ya kashe. Kowane babi na aikinka da ka gama, ka aika wa kanka shi ta imel ranar da ka samu sabis. Kwamfuta ana sace ta, tana faɗawa ruwa, ana kuma tare mota a hanya.

Ɗan ƙanwar tawa sai da ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure. A rana ta uku ya kira wani ɗan aji uku a sashensu, aka gaya masa abin da ake aiki da shi, ya zo ya same ni da kansa ya ce mu tafi Gusau. Muka shiga shago huɗu. A na farko aka nuna mana "Core i7" har da rantsuwa, ya duba lambar ya ga 6, ya dube ni ya yi murmushi, muka fito. A na huɗu muka samu Dell Latitude ta ƙarni na takwas, da ɗan ƙujewa a murfi, batirinta kuwa lafiya lau. Ya zauna ya danna haruffan nan kaf, mai shagon yana ta duban agogo. Canjin da ya rage ya isa jaka da filashi da ƙaramin sola. Geron ya tafi, tunkiya ɗaya ta tafi, ɗayar kuwa aka mayar da ita turkenta, da kaka ta haifi tagwaye.